Yaran da Kanada ta daɗe ba ta ƙirga ba

Ranar 24 ga Nuwamba, 1989, majalisar wakilan Kanada ta yi abin da ba kasafai take yi ba. Masu mulki da 'yan adawa suka haɗa baki a kan ƙuduri ɗaya, ba wanda ya ja da baya: za a kawar da talaucin yara a ƙasar kafin shekarar 2000. Ed Broadbent, shugaban jam'iyyar NDP da ke shirin sauka daga muƙaminsa, shi ya gabatar da ƙudurin. Shekarar 2000 ta zo ta wuce, alƙawari bai cika ba. Gamayyar ƙungiyoyin da aka kafa don bin diddigin maganar, wadda ake kira Campaign 2000, har yau tana fitar da rahoto duk shekara.

Kanadar da yawancinmu muka sani ita ce ta 'yan uwan da suka tafi karatu ko aiki a Toronto da Calgary, ƙasar asibiti kyauta da tituna masu tsabta. Wannan ba ƙarya ba ne. Tana cikin ƙasashe bakwai masu ƙarfin masana'antu, tana da man fetur da ma'adinai da katako da ruwan daɗi mai yawan gaske. Sai dai a cikinta akwai mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, kusan miliyan 1.8 bisa ƙidayar 2021, wato kashi 5 cikin ɗari na jama'a. Kashi uku ne: al'ummomin da ake kira First Nations, irin su Cree da Ojibwe da Dene, sai Inuit na can arewa mai ƙanƙara, sai Métis, waɗanda tushensu ya haɗa 'yan asalin ƙasa da Turawan farko. 'Ya'yan waɗannan mutane su ne suka fi kowa talauci a Kanada, kuma tazarar da ke tsakaninsu da sauran yara ba ƙarama ba ce.

Wani nazari da cibiyar Canadian Centre for Policy Alternatives ta fitar a 2016 ya nuna cewa kashi 60 cikin ɗari na yaran First Nations da ke zaune a keɓaɓɓun filayen da gwamnati ta ware musu suna cikin talauci. A lardin Manitoba kashi 76 ne, a Saskatchewan kashi 69. Da aka sake lissafin a 2019 da alƙaluman ƙidayar 2016, adadin ya sauko zuwa kashi 53, alhali na yaran Turawa da ba baƙi ba bai wuce kashi 12 ba.

Abin lura a nan shi ne wanda ya yi lissafin. Ba gwamnati ba ce. Masu bincike ne masu zaman kansu suka nemi ɗanyen bayanin ƙidaya suka zauna suka fitar da shi. Shekara da shekaru, kafin ƙidayar 2021, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ba ta fitar da adadin matalauta a keɓaɓɓun filaye ba, kuma binciken kuɗin shiga da take yi duk shekara ba ya shiga can. A 2018 da gwamnati ta tsayar da ma'aunin talauci na hukuma, wanda ke duba kuɗin abinci da haya da sutura da sufuri a kowane yanki, ba a shigar da keɓaɓɓun filaye a ciki ba. Dalilin da ake bayarwa shi ne rayuwar can daban ce: gidaje da yawa na al'umma ne, wasu iyalai suna farauta da kamun kifi, saboda haka kuɗin da ke shiga aljihu ba ya nuna ainihin halin da gida ke ciki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma wanda ya ga ma'auninsa bai dace da wuri ba, sai ya ƙera wani, ba ya bar wurin babu awo ba. Sakamakon shi ne duk lokacin da minista ya tashi ya ce talaucin yara ya ragu zuwa kaza, yaran da suka fi kowa shan wuya ba sa cikin lissafinsa tun farko. A ganina nan ne mantuwar ta samo asali, domin abin da bai shiga takarda ba, ba ya shiga kasafin kuɗi.

Abu na biyu ya fi wannan muni, kuma daga tsarin mulki ya taso. Dokar 1867 da ta kafa Kanada ta ba larduna alhakin makarantu da asibitoci da walwalar yara, amma ta ce lamarin 'yan asalin ƙasa da filayensu na gwamnatin tarayya ne. Dokar Indian Act ta 1876, wadda har yanzu tana aiki bayan gyare-gyare, ta ɗora a kai. Saboda haka yaron da ke Winnipeg, babban birnin Manitoba, lardi ne ke biya masa makaranta da magani, ɗan uwansa da ke keɓaɓɓen fili kuwa sai ya jira Ottawa, mazaunin gwamnatin tarayya. Idan buƙata ta faɗo a tsakani, kowa sai ya nuna ɗan uwansa.

Jordan River Anderson ɗan al'ummar Cree ne na Norway House a arewacin Manitoba. An haife shi a 1999 da wata lalura mai wuyar sha'ani, aka kwantar da shi a asibiti a Winnipeg. Da ya kai wajen shekara biyu likitoci suka ce zai iya fita, a kai shi wani gida da aka shirya domin kula da irinsa. Sai aka tsaya a kan wa zai biya, tarayya ko lardi. Aka yi ta musayar takardu, har a kan ƙananan kayan da za a saka a gidan. Aka shafe fiye da shekara biyu ana wannan ja-in-ja. Jordan ya rasu a asibiti a 2005 yana da shekara biyar, bai taɓa kwana a gida irin na iyali ba. Da ɗan Bature ne daga unguwar da ke bayan asibitin, lardi zai biya ba tare da an yi zama ko ɗaya ba. A Disambar 2007 majalisa ta amince da ƙa'idar da aka sa wa sunansa: hukumar da aka fara tunkara ta biya wa yaro buƙatarsa, daga baya gwamnatoci su daidaita tsakaninsu. Amma aka ƙuntata sharuɗɗan ƙa'idar ƙwarai, har aka yi shekaru kusan ba yaron da ya cancanta a idon gwamnati.

Ga kuma yadda Ottawa ke riƙe da jakar. Daga 1996 aka ƙayyade cewa kuɗin manyan ayyukan keɓaɓɓun filaye ba zai ƙaru da fiye da kashi 2 cikin ɗari a shekara ba, aka tafi a haka kusan shekara ashirin. A lokacin kuwa al'ummomin nan su ne suka fi kowa haihuwa a ƙasar, ga tsadar kaya tana hawa. Duk shekara rabon kowane yaro raguwa yake, ba tare da wani ya fito ya ce an rage komai ba.

Inda lamarin ya fi ci mini rai shi ne batun ɗauke yara daga iyayensu. Ƙidayar 2021 ta nuna 'ya'yan 'yan asalin ƙasa kashi 7.7 ne kawai na yaran Kanada, amma su ne kashi 53.8 na yaran da ke hannun masu riƙo. A Manitoba wajen tara cikin kowane goma na yaran da hukuma ta ɗauke nasu ne. Mu ma mun san riƙo, amma namu goggo ce ko kaka ke ɗaukar yaro, yana jin harshensu, yana ganin danginsa ranar sallah. Can kuwa sau da yawa jami'i ne ke zuwa, wani lokaci da ɗan sanda, a kai yaro gidan baƙi a gari mai nisa, wasu ma an ajiye su a ɗakunan otal. Har zuwa 2019 da 2020 larduna da dama suna da tsarin sanar da asibiti a asirce cewa a sa ido a kan wata mai ciki, sai ta haihu a karɓe jaririn tun ba ta bar gadon haihuwa ba.

Me ya sa ake ɗauke su? Binciken da aka yi ta maimaitawa a ƙasar ya nuna ba duka ko cin zarafi ne ke kan gaba ba. Abin da aka fi rubutawa a fayil shi ne sakaci. Idan aka buɗe fayil ɗin kuma, sakacin nan sau da yawa firiji ne babu abinci, ko gida mai ɗaki biyu da mutum goma sha a ciki, ko bango da ya yi baƙi da fumfuna, ko uwar da shaye-shaye ya kama babu wurin jinya kusa da ita. Ƙidayar ta 2021 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na mazauna keɓaɓɓun filaye suna cikin gidajen da ke buƙatar babban gyara, kuma fiye da rabin Inuit da ke yankunansu na arewa suna zaune a cunkushe. Uba ba zai iya zuwa banki ya jinginar da filinsa ya gina gida ba, domin dokar Indian Act ta hana a ƙwace kadarar da ke keɓaɓɓen fili, banki kuwa ba ya ba da bashi a kan abin da ba zai iya kamawa ba. Wato gwamnatin da ba ta gina gidan ba, ita ce ke zuwa ta ce gidan bai dace da yaro ba.

Tsarin biyan kuɗin ma ya karkata wajen ɗaukewa. A ƙarƙashin umarnin da Ottawa ta yi aiki da shi tun farkon shekarun 1990, idan hukumar walwalar yara ta First Nations ta ɗauke yaro ta kai shi riƙo, gwamnati na biyan duk abin da aka kashe. Idan kuwa so take ta taimaki iyalin yaron ya zauna a gida, ta sayo gado, ta biya kuɗin wuta, ta kawo mai ba da shawara, sai ta tsakuro daga ɗan ƙayyadadden kason gudanarwa da ba ya isa. Ma'aikaciyar da ke son yaro ya samu keken guragu ko abinci na musamman ta san hanya mafi sauƙi ita ce ta raba shi da uwarsa. Tun a shekarar 2000 wata bita da gwamnatin kanta ta shiga ciki ta gano cewa kuɗin da ake kashewa a kan kowane yaro a keɓaɓɓun filaye ya gaza na larduna da kashi 22. An sani, ba a gyara ba.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurin mutanen. Daga ƙarni na 19 har zuwa shekarun 1990 an kwashe yara wajen 150,000 zuwa makarantun kwana da gwamnati ke biya coci-coci ke gudanarwa, aka hana su harshensu, dubbai suka mutu a can. Tun a 1907 wani likitan gwamnati, Peter Bryce, ya rubuta rahoto kan yadda tarin fuka ke kashe yaran, aka yi watsi da shi. Daga shekarun 1960 kuma aka shiga kwashe dubban jarirai ana ba iyalan Turawa, wasu har Amurka. Wanda ya tashi a ɗakin kwanan makaranta ba uwa ba uba, a ina zai koyi renon ɗa? Shi ya sa hukumar gaskiya da sasantawa da alƙali Murray Sinclair ya jagoranta, da ta fitar da shawarwari 94 a 2015, ta sa batun walwalar yara a sahun farko, kafin ilimi, kafin lafiya, kafin shari'a.

Wadda ta kai maganar gaban shari'a ita ce Cindy Blackstock, 'yar al'ummar Gitxsan, ma'aikaciyar walwalar jama'a kuma shugabar ƙungiyar First Nations Child and Family Caring Society. A 2007 ƙungiyarta da majalisar sarakunan First Nations suka shigar da ƙara a kan gwamnatin tarayya bisa nuna wariya. Gwamnati ta yi ta ƙoƙarin a kori ƙarar kan dalilan ƙa'ida, ba a fara sauraron shaidu ba sai 2013. A shekarar ne kwamishinar kare sirrin jama'a ta tabbatar cewa jami'an gwamnati sun riƙa leƙen shafin Blackstock na Facebook fiye da abin da aikinsu ya halatta. Ranar 26 ga Janairu, 2016, kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta yanke hukunci cewa Kanada na nuna wariya ga yaran First Nations fiye da 160,000. Ko bayan hukuncin sai da kotun ta yi ta fitar da umarni bayan umarni saboda gwamnati ba ta bi ba. A 2019 ta ce wariyar da gangan aka yi ta kuma da ganganci, ta ba da umarnin a biya kowane yaron da aka ɗauke ba bisa ƙa'ida ba dalar Kanada 40,000, iyakar abin da doka ta yarda. A Oktoban 2023 kotun tarayya ta amince da sulhun diyya na sama da dala biliyan 23. Kuɗi ne masu yawa, kuma haƙƙinsu ne. Amma ga wanda ya girma a gidaje biyar ko shida, ya manta harshen kakarsa, ihu ne bayan hari.

Talaucin nan ba a aljihu kaɗai yake ba. A Attawapiskat, garin Cree da ke gaɓar James Bay a arewacin Ontario, man dizal ya tsiyaye a ƙarƙashin makarantar firamare tun 1979. Yara suka yi ta karatu a kansa har aka rufe makarantar a 2000, aka mayar da su wasu ɗakunan wucin gadi da sanyi ke ratsawa, a wurin da ruwa ke daskarewa wata da watanni. A 2008 wata yarinya 'yar shekara 13, Shannen Koostachin, ta je Ottawa da 'yan ajinsu suka gana da minista, ya ce musu babu kuɗin sabuwar makaranta. A shekarar ne kamfanin De Beers ya fara haƙar lu'ulu'u kimanin kilomita 90 daga garin. Shannen ta rasu a hatsarin mota a 2010, tana da shekara 15, a lokacin da take karatun sakandare a kudu nesa da gida. Sabuwar makarantar ba ta buɗe ba sai 2014.

Ruwa ma haka. Daga tafkin Shoal Lake ake jan ruwan da birnin Winnipeg ke sha tun 1919, amma al'ummar Shoal Lake 40 da ke bakin tafkin, wadda aikin jan ruwan ya yanke ta ya mayar da ita tsibiri, ta zauna daga 1997 zuwa 2021 ba ta shan ruwanta sai ta tafasa. A Nunavut kuwa, yankin Inuit na can arewa, babu titin da ya haɗa garuruwa 25 na yankin da juna ko da kudu. Kaya sai ta jirgin sama, ko jirgin ruwa a ɗan lokacin da ƙanƙara ta narke, saboda haka madara da kayan lambu suna ninka farashinsu na kudu. Binciken lafiyar Inuit na 2007 zuwa 2008 ya gano kusan kashi 70 na ƙananan yaran yankin suna gidajen da abinci ba ya wadatarwa. Tarin fuka, wanda yawancin 'yan Kanada suka ɗauka cutar tarihi ce, har yanzu yana yawo a gidajen Inuit.

Akwai maganganun da talakan Kanada ke yi idan an taɓo batun, kuma ya kamata a amsa su da gaskiya. Wasu na cewa ai mutanen ba sa biyan haraji, komai kyauta ake ba su. Rangwamen harajin ya shafi abin da ɗan First Nations mai rajistar gwamnati ya samu ko ya saya a cikin keɓaɓɓen fili ne, alhali mafi yawan 'yan asalin ƙasa yanzu a waje suke zaune, da yawa a birane irin su Winnipeg da Edmonton, suna biyan haraji kamar kowa, kuma talauci ya bi su can. Kuɗin shekara-shekara da aka yi alƙawari a yarjejeniyoyin da aka ƙulla tsakanin 1871 da 1921, waɗanda da su aka karɓi filaye masu faɗin gaske, dala biyar ne ga yawancinsu, kuma har yau dala biyar ake miƙawa. Wasu na cewa shugabanninsu ne ke cinye kuɗin. An samu wuraren da aka yi almundahana, kamar ko'ina, kuma akwai gidajen da shaye-shaye da tashin hankali suka sa dole a fitar da yaro don a ceci ransa. Ba mai musun wannan. Amma cin amanar wani sarki guda ba zai bayyana giɓin da kotu ta auna ta tabbatar a faɗin ƙasa ba.

Hujjar da ta fi gamsar da ni tana arewacin lardin Quebec. Cree ɗin can, da aka tashi gina manyan madatsun wutar lantarki a ƙasarsu, sun kai ƙara, suka tilasta aka ƙulla yarjejeniyar James Bay a 1975. Ta ba su hukumar makarantu tasu, hukumar lafiya tasu, da tallafin kuɗi ga iyalan da ke rayuwa da farauta. A 2002 suka sake ƙulla wata da lardin, ta shekara 50, wadda bayan shekaru biyun farko ke ba su aƙalla dala miliyan 70 duk shekara, da rabo daga albarkatun yankin. Suna da matsalolinsu, ƙarancin gidaje na ciki. Amma talaucin yaransu ya yi ƙasa sosai da na 'yan uwansu Cree da ke ɗaya gefen James Bay, inda Attawapiskat take. Harshe kusan ɗaya, sanyi ɗaya, tarihin makarantun kwana ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne wa ke riƙe da kuɗi da iko.

Tun 2016 an samu motsi, kuma rashin adalci ne a ce ba a yi komai ba. An ƙara kuɗin walwalar yara sosai, ƙa'idar Jordan ta fara aiki har ta biya buƙatun yara masu yawa, ko da yake takardun neman taimako sun taru jingim suna jiran amsa. Tallafin yara na ƙasa da aka fara a Yulin 2016 ya fitar da iyalai da yawa daga talauci, sai dai ba a samunsa sai an cika takardar haraji, kuma a garuruwan da babu ofishi, babu intanet mai ƙarfi, wasu ma ba su da takardar haihuwar yaro, iyalai da dama ba sa karɓa. Dokar da ta fara aiki a Janairun 2020 ta amince cewa al'ummomin na da ikon kafa dokokinsu na walwalar yara, ta kuma faɗa ƙarara cewa ba za a ɗauke yaro don talauci ko rashin gida kaɗai ba. Al'ummar Cowessess ta Saskatchewan ce ta fara ƙulla yarjejeniya a ƙarƙashinta a 2021. Quebec ta ƙalubalanci dokar, kotun ƙoli ta tabbatar da ita a Fabrairun 2024.

Abin da dokar ba ta tabbatar ba shi ne kuɗi na dindindin, kuma a nan ake ta fama. A Oktoban 2024 sarakunan First Nations suka ƙi amincewa da tayin dala biliyan 47.8 na shekara goma da gwamnati ta kawo don gyara tsarin. Mutane da yawa sun yi mamakin a ƙi irin wannan kuɗi. Waɗanda suka ƙi sun ce ba su ga tabbacin abin da zai faru bayan shekara goman ba, ba su gamsu da wanda zai sa ido a kan tsarin ba, kuma sun sha ganin alƙawarin da ke mutuwa da zarar gwamnati ta sauya. Suna da abin nunawa. A 2015 Justin Trudeau, wanda ya zama firaminista a shekarar, ya yi alƙawarin kawo ƙarshen umarnin tafasa ruwa na dogon lokaci a keɓaɓɓun filaye cikin shekara biyar. An ɗage fiye da ɗari, amma wa'adin Maris 2021 ya wuce da saura da yawa. A Neskantaga, wani ƙaramin gari a arewacin Ontario da ba a shigarsa sai ta jirgin sama ko hanyar ƙanƙara, an kafa umarnin ne a Fabrairun 1995, kuma a Fabrairun 2025 ya cika shekara 30 ba a ɗage shi ba. Yaran da aka haifa a shekarar farko yanzu su ne iyayen da ke dama wa jariransu madara da ruwan roba da jirgi ya sauke.